Farin ɓawon da ke cin katako

Jama'a masu harkar katako a Sakkwato, idan lodi ya iso daga kudu, ku duba ƙasan kowane katako. In kun ga farin ɓawo ya manne kamar busasshen fenti, naman gwari ne mai ruɓar da itace. Gogewa ba ta kashe shi, domin zarensa ya riga ya shige ciki. Ku soka ƙusa: in ta nutse da sauƙi, itacen ya yi fari yana zarewa, a yanke wurin har da ƙarin taku biyu.

Danshi ke raya shi, musamman a watan Agusta. A ɗora katako kan bulo, taku ɗaya daga ƙasa, a sa sanduna tsakanin jeri iska ta ratsa. Kada a nannaɗe da leda, gumi take tarawa. A rufa da kwano kawai.