Yadda na gyara koren da yake zama laka a zanena

Damina ta zauna, bakin Kogin Kaduna ya yi kore shar, na ɗauki fentin ruwa in zana gonakin masara. Amma ina shafawa sai koren ya dagule kamar laka. Abin ya dame ni sosai. Ashe ni nake jawowa: launi huɗu nake cakuɗawa, kuma ina maimaita shafi tun na farko bai bushe ba.

Yanzu shuɗi da rawaya kawai nake haɗawa, sai ɗigon ja don inuwar mangwaro. Ina ɗan taɓa burushi ɗis-ɗis, irin salon su Monet, shahararren mai zane na Faransa, in bar farin takarda yana leƙowa a madadin hasken rana. Takardar ma na koma mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ta daina lanƙwashewa. Jiya ganyen masarar ya fito kamar yanzu aka ɗauke ruwa.