Zanen Karkara da Fentin Mai: Inda Masu Koyo Ke Yawan Tuntuɓe

Salon da masu zanen Faransa suka fito da shi a baje kolinsu na Paris a 1874 ya ginu ne a kan kamo haske yadda ido ya gan shi a wannan lokacin. Shi ya sa kuskuren da ya fi damuna shi ne mai koyo ya zauna gaban kuka a bayan garin Ringim yana ƙirga rassanta, yana fitar da kowane ganye. Kanne idanunka har abubuwa su narke su zama dunƙulen launi, sannan ka ɗora su da babban buroshi. Ƙaramin ya jira ƙarshe.

Daga nan sai inuwa. Hannu yakan yi saurin kai wa baƙin fenti, hoto ya mutu nan take. Dubi inuwar rumbu da la'asar sakaliya: akwai shuɗi a cikinta, akwai shunayya, gefenta kuma jan ƙasa yana haskowa. Claude Monet, ɗaya daga cikin waɗancan masu zanen Faransa, ya zana tarin damin hatsi a ƙauyen Giverny wajen sau 25 tsakanin 1890 da 1891, kowanne da launin inuwarsa, domin sa'a da yanayi sun bambanta. Damin geronmu a lokacin kaka yana ba da wannan darasi kyauta. Haɗa shuɗi da ɗan ja, ka ajiye baƙi a gida.

Akwai kuma yawan dama launi. In ka cuɗa kala huɗu ko biyar, abin da za ka samu taɓo ne. Sa shuɗi kusa da ruwan ɗorawa, ɗigo-ɗigo, ka ja da baya taku biyar, idonka zai haɗa launukan da kansa. Shinkafar Kadawa a haka take fitowa da rai.

Lokaci ma yana kayar da mutane. Wanda ya fara da hantsi ya kai azahar ya zana rana biyu a allo ɗaya, inuwar nan ta yi yamma, waccan ta yi gabas. Awa ɗaya da rabi ta isa. In bai ƙare ba, a dawo gobe war haka. Cikin hunturu kuwa kada ka shafa wa sama shuɗi don kawai ka san sama shuɗiya ce. Hazo ya mai da ita fari-fari mai ratsin ɗorawa, itatuwan nesa sun koɗe. Zana hakan.

Batun kayan aiki: kada ka tsinka fenti da man gyaɗa, ba ya bushewa. Man linsid, wato man da ake tatsa daga irin shukar flax, ake sawa, kananzir kuma a bar shi ga wankin buroshi. Shafen farko ya zama siriri mai ƙarancin mai, na sama ya fi maiƙo, in ba haka ba fentin zai tsattsage. Yadin da za a yi zane a kansa ma sai an fara shafa masa gam da farin fenti, don mai yana cin zare.

Fentin mai yakan ɗauki kwanaki kafin ya sha iska, ƙurar hunturu kuwa in ta manne ba ta fita. Da ka dawo gida, jingina allon a ɗaki, fuskarsa na kallon bango, da tazarar kamar taƙi ɗaya.