Darasi na 7: Kwana 30 Bayan Sallama Daga Asibiti

Karanta a hankali.

Ranar Litinin aka sallami Baba daga asibiti. Kwana shida ya yi a kwance saboda bugun zuciya. 'Yan dubiya suka cika zaure, ana ta "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi." Bayan kwana tara, 'yarsa ta kawo masa kunu da asuba, sai ta tarar da shi a zaune, ya jingina da matashin kai uku.

"Baba, ba ka kwanta ba?"

"In na kwanta numfashina sarƙewa yake yi, 'yar nan."

Ta duba ƙafarsa, ta danna da yatsa. Wurin ya lotsa, bai taso ba. Ba ta jira rana ta fito ba, ta nemo mota suka koma asibiti. Ta yi daidai, domin ruwa ne ya fara taruwa a huhunsa.

Bugun zuciya yana faruwa ne idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe. Sashen naman zuciyar da jini bai kai gare shi ba sai ya lalace, kuma yakan ɗauki makonni kafin wurin ya yi tabo. Saboda haka sallama ba warkewa ba ce. Likitoci sukan sa ido sosai a kan kwana 30 na farko, musamman mako biyun farko.

A jihar Kalifoniya ta Amurka an duba bayanan asibitoci na shekarar 2007 zuwa 2009. Cikin mutum 100 masu shekara 65 zuwa sama da suka yi bugun zuciya, kusan 18 aka sake kwantarwa kafin kwana 30 su cika. Cikin 100 masu shekara 18 zuwa 64 kuwa, kimanin 11 ne. Tsofaffi sun fi yawa, gaskiya ne, amma 11 ɗin nan ba kaɗan ba ne. Kada mai shekara 45 ya ce ƙuruciya za ta tsare shi.

Abin da ke mayar da tsoho asibiti sau da yawa ba sabon bugun zuciya ba ne. Jikinsa ya riga ya galabaita da kwanciya, barci bai ishe shi ba, abinci ba ya shiga. Sai ciwon huhu ya kama shi, ko ƙoda ta yi rauni, ko jiri ya kayar da shi a banɗaki. Ga ƙwayoyi kala biyar ko shida, ido kuma ba ya ganin rubutun da ke jikin kwali. A samu mutum ɗaya a gida wanda zai riƙa ba shi maganin da hannunsa.

Magidanci mai sauran ƙarfi kuwa, gaggawa ce ke cutar da shi. Yana jin dama-dama sai ya koma kasuwa ko gona, ya koma wa taba, magani ya ƙare bai sake saye ba. Na san magani yana da tsada, amma wannan ne wurin da ya fi damuna. Wanda aka sa wa 'yar ragar ƙarfe a jijiyar zuciya don ta zauna a buɗe, idan ya daina shan asfirin da abokin tafiyarsa mai hana jini daskarewa, jijiyar tana iya sake toshewa farat ɗaya. In kuɗi sun gaza, a faɗa wa likita kafin ƙwayar ƙarshe ta ƙare. Mata ma su kula: nasu ciwon yakan zo da kasala, tashin zuciya da haki, har a ɗauka gajiyar aiki ce.

Kada a sayi diklofenak ko ibufrofen a kemis don ciwon jiki ba tare da izinin likita ba. A rage gishiri da dunƙule a miya. Ciwon ƙirji, haki, kumburin ƙafa, suma, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, kowanne ɗaya ya isa a koma asibiti a ranar.

Aiki: An sallami Baba ranar 3 ga Maris. Wace rana kwana 30 za su cika? Rubuta sunayen magungunan wani majinyaci na gidanku, da lokacin shan kowanne, ka kawo aji mako mai zuwa.