Yadda iyaye za su gane cutar ƙin cin abinci a jikin ƴaƴansu da abin da ya kamata su yi

A gidajenmu na Tawa, inda yara biyar ko shida suke kewaye kwano guda, yarinya tana iya yin wata uku ba ta ci abin kirki ba kuma babu wanda ya lura, domin kullum kwanon a suɗe yake komawa madafa. Saboda haka aikin farko da ke kan uwa shi ne ta zauna kusa da kwanon na ƴan kwanaki, ta dubi hannun kowane yaro. Wadda cutar ƙin cin abinci ta kama takan yanki loma ƙarama, ta daɗe tana juya ta cikin miya, ta tura nama gefen ƙanenta, sannan ta riga kowa wanke hannu tana cewa ta sha fura a gidan ƙawarta.

Wannan cuta daban take da tamowa, wadda muka fi sani. Mai tamowa abinci ne ya rasa ko wata cuta ta cinye shi, amma a nan abincin yana gaban yaro, tsoron ƙiba ne ko wata damuwa ta zuciya take hana shi ci. Likitoci suna kiran nau'in da mutum ke ƙuntata wa kansa har ya rame anoreksiya, sunan da likitan Ingila William Gull ya ba ta a 1873. Akwai kuma bulimiya, inda yaro yake cin abinci mai yawa a ɓoye cikin ɗan lokaci, sannan ya jawo amai ko ya sha maganin zawo don ya fitar da shi. Mai bulimiya sau da yawa jikinsa ba ya nuna rama, shi ya sa ta fi wuyar ganewa. An fi ganin cututtukan nan biyu ga ƴammata masu tasowa, amma samari ma suna kamuwa. Masu cewa cutar Turawa ce su dubi abin da ya faru a tsibiran Fiji na tekun Pasifik, inda ake yabon ƙiba kamar yadda ake yi a nan: talabijin ta isa wani yankinsu a 1995, bayan shekara 3 masu bincike suka tarar da ƴammata suna jawo amai don su rame. Yau kuwa hotunan TikTok suna cikin wayar kowace ɗiya.

Alamomin jiki da za a duba sun haɗa da ɗaukewar al'ada, jin sanyi ko da a watan Afrilu, jiri idan an tashi tsaye, zubewar gashi, da zane da ya fara yi wa ƙugu yawa. Ga mai jawo amai, a lura da yawan shiga bayan gida da zarar an gama cin abinci, kumburi a ƙarƙashin kunnuwa, lalacewar haƙora, da tabo a bayan yatsu inda haƙori ke gogawa. Wani abin da ya kamata a faɗa a fili shi ne azumi. Ɗiyar da ta ɗauki nafilar Litinin da Alhamis abin farin ciki ce, amma idan azumin ya zama na kusan kullum, kuma da magariba ruwa kawai take kurɓa ta bar kunu da dabino, to uwa ta bincika. Addini kansa ya ɗauke wa marar lafiya azumi, kuma malamin da yarinyar take girmamawa yana iya taimakawa wajen faɗa mata haka.

Idan zargi ya yi ƙarfi, kada a tayar da maganar a bakin kwano ko a gaban kishiya da sauran yara. Uwa ta keɓe da ita, ta faɗi abin da idonta ya gani ba tare da zagi ba, misali: “Ɗiyata, kwana biyun nan na ga ba ki cin tuwon dare, kuma jiya kin dafa bango da kika tashi. Me ke damunki?” Ana sa ran za ta musanta, domin musun yana cikin cutar. Duka da ɗure ba sa warkar da ita, ƙara mata dabarar ɓoyewa suke yi. A kuma hana ƴan gida tsokana da sunaye irin su “buhu” ko “sillen kara”, ko da da wasa ne.

Babban kuskuren da nake gani shi ne a ruga wurin mai tallar magani a sayo ƙwayar ƙiba. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, irin su dexamethasone, kumburi suke sawa, suna kuma iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Hanyar da ta dace ita ce a je asibitin unguwa ko babban asibitin jiha, a auna nauyi da tsawo da bugun zuciya da jini, a tabbatar ba tarin fuka ba ne ko ciwon sukari ko tsutsar ciki, sannan a nemi a haɗa su da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ko da zai kai ga tafiya Yamai. Suma, ciwon ƙirji, aman jini, ƙin shan ruwa, ko maganar kashe kai ba sa jiran gobe. Yaron da ya daɗe ba ya ci kuma ba a cika masa ciki rana ɗaya, domin dawo da abinci da gaggawa yana rikita gishirin jini har ya taɓa zuciya. Likita ne zai tsara yadda za a ƙara sannu a hankali.

A gida, tsarin da aka samar a asibitin Maudsley na Landan ya ɗora aikin ciyarwa a hannun iyaye, kuma ya dace da zamanmu. A ware mata kwanonta, uwa ce za ta zuba, a ci sau uku a rana da ɗan abin taɓawa tsakani, a zauna da ita har ta gama, sannan a riƙe ta da hira kamar awa guda kafin ta tashi. Jinyar takan ɗauki watanni, don haka uba da uwa da duk wata babba a gidan su daidaita bakinsu tun daga farko, a kuma riƙa komawa awo a ranar da likita ya sa.