Yadda Ake Raba Gishiri da Yashi

Idan gishiri ya gauraya da yashi, ana iya dawo da shi tsaf, domin cakuɗa ce kawai, kowanne yana nan da halinsa. Gishiri yana narkewa a ruwa, yashi kuwa ba ya narkewa.

1. Zuba haɗin a kwano, ka ƙara ruwan ɗumi. Ruwa mililita 100 yana narkar da gishiri kusan giram 36, saboda haka kada ka yi rowar ruwa, in ba haka ba wani gishirin zai maƙale a cikin yashin.

2. Juya da cokali sosai, sannan ka bari yashin ya kwanta.

3. Ɗaura ƙyalle mai tsabta a bakin tukunya, ka tace a hankali. Rariya ba za ta yi ba, ƙananan ƙwayoyin yashi za su bi ta. In ruwan bai fito garau ba, ninka ƙyallen ka sake tacewa. Nan ne ya fi buƙatar haƙuri.

4. Ɗora tukunyar a wuta. Ruwa zai tafi ya zama tururi, farin gishiri ya fara taruwa a gefen tukunya. Da ya kusa ƙafewa sai ka rage wuta, domin yakan yi tartsatsi. Sauke, ka shanya a rana. Masu haƙar gishiri a garin Bilma na ƙasar Nijar ma rana ce ke ƙafar musu da ruwan.

Shi kansa gishirin tacewa ko dafawa ba sa raba shi, saboda sinadaran sodiyam da kulorin ne suka haɗu suka zama abu guda.