Yadda ake tafiyar kwanaki cikin kwalekwale a Kogin Gongola

A Amurka, masu bin Kogin Kolorado ta kwazazzabon Grand Canyon sukan tashi daga Lees Ferry su yi mako biyu zuwa uku a ruwa, kuma mai son tafiya da jirginsa sai an yi masa ƙuri'a kafin ya samu izini. Mu a Gombe babu ƙuri'a. Ga Gongola nan, daga Nafada inda ya juya ya nufi kudu har ya faɗa tafkin Dadin Kowa.

Fara da zaɓen lokaci. A watan Agusta kogi ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa, ba wurin baƙo ba ne. Da bazara kuwa yashi ya fi ruwa yawa, sai ka wuni kana jan kwalekwale maimakon ya ɗauke ka. Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwan sama, ya fi.

Daga nan sai gaisuwa. Ka je wurin sarkin ruwa da goronka, ka durƙusa ka ce "ranka ya daɗe", ka faɗi inda za ka da kwana nawa za ka yi. Shi zai haɗa ka da matuƙin da ya san hanya. Dagacin kowane garin da za ku yada zango ma a sanar da shi, saboda halin tsaro.

Kaya kuwa kada su yi yawa: rigar ceto ga kowa, filafili na ajiya, tamfol, gidan sauro, tocila, igiya doguwa. Waya da ashana a ƙulle su cikin leda biyu, a jefa a bokiti mai murfi. Guzuri na gida ya isa, garin kwaki da ƙuliƙuli da dabino da kilishi, kifi kuma a saya hannun masunta. Ruwan sha a jarka, in ya ƙare a tafasa na kogi. A rage wanka a ruwan da ke kwance, nan tsargiya take. Kaya masu nauyi a tsakiya, a ƙasa, a ɗaure.

Wurin kwana shi ne babban aiki. Ku sauka da la'asar sakaliya, tun ido na ganin ƙasa, ka zaga bakin ruwan da ƙafa. In ka ga sawu faffaɗa mai yatsu huɗu, da wata hanya lafiyayya da ta ratsa ciyawa ta hau tudu, ku koma jirgi ku ƙara gaba. Hanyar dorina ce. Da dare take fitowa kiwo, kuma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya shiga uku. Manoman Dadin Kowa sun san ɓarnarta a gonakin shinkafa.

Yashin bakin ruwa akwai laushi, akwai daɗin kwanciya, amma ku haura tudu. Kogi kan ƙaru cikin dare, musamman ƙasa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, idan aka saki ruwa. Ka soka kara daidai bakin ruwa kafin magariba, ka haska shi bayan isha'i. In ruwa ya haura karan, a ƙara matsawa sama, kwalekwale kuma a ɗaure shi a jikin itace, ba a turken da aka kafa a yashi ba.

Da asuba a kashe wuta da ruwa, a kwashe ledoji, a kama hanya kafin iska ta taso a tafkin.