Kurakuran da aka fi yi a rediyo tsakanin matuƙin jirgi da hasumiya

Ƙannenmu na Katsina masu shirin shiga kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, ku daina ɗauka cewa iya Turanci shi ne zubo manyan kalmomi. Tun 2008 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙa da jami'an hasumiya masu hulɗa da jiragen ƙasa da ƙasa su kai mataki na 4 cikin 6 a gwajin iya Turanci, kuma abin da ake aunawa shi ne ka ji, a ji ka.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne kunya. An rene mu a kan kada mu sa babba ya maimaita magana, sai yaro ya ji rabin umarni ya ce "roger" don kada a ce bai iya ba. Alhali "roger" ba ta wuce "na ji" ba, ba ta nuna ka gane. In magana ta shige maka duhu, ka ce "say again", wato a maimaita, ko sau uku ne. Tsayin da aka ba ka, alƙiblar da za ka fuskanta da lambar titin sauka, dole ka maimaita su da bakinka, jami'i kuma ya saurara da kunnen basira ya gyara. Wannan ya fi matsawa lokacin jigilar alhazai a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua, inda akan ji harshen matuƙa iri-iri.

Sai sassauta magana lokacin da rai ke cikin haɗari. A Janairun 1990 man jirgin Avianca ya ƙare a kusa da New York, mutum 73 suka rasu. Matuƙan sun faɗi cewa mai na ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta "mayday", kalmar neman agajin gaggawa, ba, masu hasumiya kuma ba su ɗauki abin da zafinsa ba. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Ka furta "mayday" sau uku, sannan ka faɗi matsalar.

Akwai kuma ƙirƙirar jimla ta kai. A tsibirin Tenerife a 1977, jiragen KLM da Pan Am suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, bayan an yi amfani da "take-off" da "OK" ta hanyar da kowa ya fassara yadda ya so. Shi ya sa yau ba a ambaton "take-off" sai wajen ba da izinin tashi ko soke shi. A sauran wurare "departure" ake cewa.

Lambobi kuma a faɗe su yadda aka tsara: 3 "tree", 5 "fife", 9 "niner". Harshenmu kan haɗa p da f, don haka ka riƙa ɗaukar muryarka a waya kana saurare. Kada ka yi sauri, kalma 100 a minti ita ce iyakar da ICAO ta shawarta, kuma ka danna maɓalli tukuna kafin ka buɗe baki, don kada farkon saƙon ya yanke.